Jan Gashin Sabina

Ƙauyenmu na can gefen Connemara, inda ƙasar Ireland ta zo ta ƙare. Tafki na bayan gidajenmu, teku na gabansu, don haka duk namijin da ka gani, in ba ƙarnin kifin ruwan daɗi yake ba, to na ruwan gishiri yake. Mutane ne da ke cika coci ran Lahadi su rera waƙa har jijiyar wuya ta tashi, amma da gari ya waye Litinin camfi ne ke riƙe da linzaminsu. Ba a yin fito da baki a cikin kwalekwale. Ba a ambaton alade a kan ruwa. Babbar dokar kuwa ita ce, in masunci ya kama hanyar ruwa da safe ya yi arba da mace mai jan gashi, sai ya juya gida, don ranar ta lalace ke nan.

Cikin waɗannan mutane Allah ya saukar da Sabina, da kai ja wur kamar garwashi. An ce ungozomar da ta karɓe ta ta leƙo ta dubi ubanta Bartley, wanda masunci ne, ta ce, "To, Bartley, ka haifo wa kanka hutu."

Bartley na son 'yarsa kamar ransa, amma son bai hana shi tsara zamansu ba. Da safe tana ɗakin baya har sai jirage sun tashi. Makaranta ta bayan gari take zuwa, tana tsallake katangun duwatsun gonaki, in ta ji takun takalman roba sai ta tsuguna ta rufe kai har su wuce. Babu mai ƙinta. Mazan da ke gudunta da safe su ne ke kawo mata alewa da yamma. Tafkin kuwa a bakin ubanta ta san shi, wajen cin abincin dare: wane tsibiri ne ke da mafaka in iska ta juya, ina ne ruwa ke da zurfi, ina duwatsu suka laɓe ƙarƙashin ruwa suna jiran katako. Ta san shi yadda makaho ya san kasuwa, da kunne. Ta iya ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya har ya zama ƙwaron da ke ruɗin kifi, ta iya banda kifin makarel da babu mai kamo ƙafarta. Amma ba ta taɓa sa ƙafa cikin jirgin su ba.

Da Festy Mulkerrin ya ce ita yake so, abokansa suka ce ya sha ya bugu. Aikinsa ɗaukar baƙi masu fatsa ne, daga Dublin da Jamus da Faransa, ya tuƙa su ya nuna musu inda kifi yake: tafki in sanyi ya ja baya, teku in zafi ya shigo. Mutumin da abincinsa ke kan sa'ar safiya, shi ne zai ajiye jan kai a kan matashinsa? Festy ya ce ya ji, ya gani. Sai dai duk zancen da ya yi da ita, bayan rana ta raba tsaka ya yi shi.

Ga yadda suka zauna. Ta haɗa masa guzuri tun da yamma, ta ɗaura kallabi kafin ta kwanta. Da asuba ta juya ta fuskanci bango. Ya shirya, ya ce wa bayanta, "Na tafi." Ta ce wa bango, "A dawo lafiya." Kada ka yi saurin dariya, don na san gidajen da ake kallon juna ido cikin ido kullum safiya, ba su kai waɗannan zaman lafiya ba. Sun haifi 'ya ɗaya, Orla, mai baƙin gashi kamar ubanta, ta girma ta tafi Boston aikin asibiti. Amma in ka ce abin bai taɓa yi wa Sabina ciwo ba ka yi ƙarya. Ya yi mata ciwo, musamman ranakun da iska ta yi daɗi, ta tsaya a bayan labule tana kallon matan wasu ƙasashe, masu hular kwano da tabarau, mijinta na kama hannunsu yana sa su a jirgi.

Da furfura ta fara cin kanta, ƙauye ya yi ajiyar zuciya. Thady Conroy, maƙwabcinsu kuma abokin takarar Festy a kan ruwa tun suna samari, har ya tare ta ya ce, "Barka, uwargida. Allah ya yaye mana." Washegari ta hau bas zuwa Galway, ta dawo da kai an rine shi, ya fi na ƙuruciyarta ja.

"Tun ina zanen goyo kuke guduna," in ji ta. "Yanzu da na fara jin daɗin abin za ku daina?"

Aka kwashe hunturu guda ana gardama a mashaya, ko jan kwalba na da dafin jan haihuwa. Wasu suka ce Allah ne ke sa dafin, ba kanti ba. Wasu suka ce kifi bai san kwalba ba. Aka kai maganar gaban Fada, limamin cocinmu, ya ce su rabu da shi, shi bai ga wannan babi a littafinsa ba. Samarin yanzu ko a jikinsu, sukan gaishe ta da safe su wuce. Festy dai ya ce rigakafi ya fi magani, kallabi da bango suka ci gaba.

A cikin wani Disamba ciwo ya same shi yana gyaran igiya a bakin teku. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ta ce an auna arziki: ƙafar za ta ɗauke shi da sanda, harshen zai sake in yana motsa shi, hannun ne dai sai abin da Allah ya yi. Festy ya shigo gida, ya dubi kujerarsa da ke bakin taga mai kallon tafki, ya sa aka juya ta ta fuskanci murhu. A nan ya zauna. In an ba shi abinci ya taɓa ya ture. In Orla ta kira waya ya ce "lafiya" ya miƙa wa uwarta. Kwalekwalensa na kife a gindin itace a bakin tafki, ganye na ruɓewa a kansa.

Sabina ta san irin wannan zama. Haka ubanta ya zauna bayan da idonsa ya mutu, ba ciwon da likita zai nuna da yatsa, kuma ba a kai ga shukar dankali ba aka binne shi. Tana kallon Festy yana raguwa cikin rigarsa, tsoro na cinta. Ta yanke a ranta cewa in ƙwaron Mayu ya zo ya wuce mutumin nan na kan kujera, ba zai ga wani ba.

Wanda bai zauna da mu ba ba zai gane haukar ƙwaron Mayu ba. Ɗan kore ne mai siririn fiffike, ya taso daga ƙasan tafki ya cika sama, manyan kifaye da suka shekara a ɓoye su fito suna cafkarsa ba kunya. Lokacin nan ba a aure, ba a gini, gawa ma sai ta yi haƙuri. A kama shi da rai a jikin itatuwan bakin ruwa, a zuba a akwatin katako, a soka biyu a ƙugiya, a ɗaga doguwar sanda mai zare marar nauyi, iska ta kwashe shi yana rawa a kan ruwa gaban jirgi. Fatsa ce da mai hannu ɗaya zai iya, kuma wannan ne Sabina ta riƙe.

Ta fara gwada ta lalama. "Thady ya ce in baƙinsa sun tafi zai ɗauke ka."

Festy ya daɗe yana haɗa kalmomin. "Ni. A jirgin Thady. Kamar buhun dankali." Ya mai da ido ga wuta. "Gara akwati."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da la'asar ta sami Thady a bakin tafki yana kwarfe ruwa daga jirginsa, ta ce ya birkice mata kwalekwalen Festy ya tura ruwa, ya kuma nuna mata yadda ake jan filafili.

Thady ya cire hula ya sosa sanƙo. "Uwargida, ba a fafe gora ranar tafiya."

"In tafiyar ta zo maka ba sallama fa? Sai ka zauna ƙishi ya kashe ka?"

"Inji fa? Ki bar ni in duba injin."

"Ya ci tsatsa. Kuma mutumin da nake so ya tashi, ƙarar inji ba za ta ba shi haushin da nake nema ba."

Thady bai gane ba, amma ya yi abin da aka sa shi. Yammaci bayan yammaci, a ɗan lungun da ruwa bai wuce ƙugu ba, Sabina ta yi ta kewaya wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, Thady na tsaye a gaɓa yana cewa bai taɓa ganin wanda ya tafi ya dawo ba tare da ya bar inda yake ba. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ta ɗaure da tsumma. Festy ya ga tsumman bai tambaya ba, wannan ma ya ƙara mata tsoro.

Safiyar da iska ta taso daga yamma a hankali, gajimare ya rufe rana, ta fita tun da raɓa ta cika akwatin da ƙwaro. Ta shigo ta ɗora masa a cinya. Kana jin motsinsu a ciki, shuu, kamar yayyafi a kan ciyawa. Yatsunsa na dama suka kwanta a kan murfin kafin ya ankara.

"Ɗauke," in ji shi.

Sai ta zagayo ta tsaya tsakaninsa da murhu, ta zare kallabi. Festy ya runtse ido kamar an watsa masa barkono.

"Buɗe idonka, maigida. Ranar da ake tsoron ta lalace ai ta lalace tun Disamba, kuma bango nake kallo da ka fita. Me ya rage da kaina zai ɓata maka?"

Bai buɗe ba.

"To shi ke nan. Ni na tafi. Jirginka na ruwa, sandar fatsarka na ciki."

Ido ɗaya ya buɗe. "Ke?"

"Ni. Zan bi ta tsakanin Tsibirin Awaki da farin dutsen nan, ya fi kusa."

Duk yaron ƙauyenmu ya san ba a bin nan. Duwatsu ne jere ƙarƙashin ruwa kamar haƙoran zarto, kuma Sabina ta san haka tun ba ta kai tsawon tebur ba. Ta ɗauki akwatin ta nufi ƙofa tana tafiya a hankali. Ta kai bakin ƙofa. Ta kai tsakar gida. Sai ta ji sandar dogarawarsa ta bugi daɓe.

"Za ki... fasa mini jirgi."

Tafiyar da lafiyayye zai yi kafin shayi ya huce, su sai da rana ta ɗaga. Ba ta kama shi ba, don ta san da ta kama zai koma. A bakin tafki suka tarar da Thady na loda wa wasu Jamusawa biyu kaya. Ya ɗago, ya ga jan kai tsirara da sanyin safiya, ya daskare da igiya a hannu. Ya dubi baƙinsa, ya dubi hanyar gida, ya dubi Festy.

"Na kwalba ne, Festy. Ko ba haka ba?"

Gefen bakin Festy mai motsi ya ɗan ɗaga. "Koma gida, Thady. Ka rage mana... cunkoso."

Thady ya yi alamar gicciye, ya zo ya tallabi abokinsa ya zaunar da shi a bayan jirgi, yana yi yana kallon sama kamar mai duban hadari. Ya tura su ruwa, na kuma ga ya share ido da hularsa.

Akwai abin da Sabina ba ta yi tunaninsa ba sai da ta zauna. Mai jan filafili baya yake ba inda za shi, fuskarsa na kallon wanda ya ɗauko. Ga ta, ga Festy, gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Ya kalli takalmansa. Ya kalli ruwa. Ya kalli wani tsuntsu har ya ɓace. Jirgin kuwa na tafiya kamar ɗan maye, filafili ɗaya na nutsewa, ɗaya na watsa masa ruwa a fuska. Haƙurin masunci na da iyaka.

"Hagu," ya ce wa takalmansa. Can kuma, "Hagu na ce. Wannan dama ce." Daga nan sai ya ɗago ya dube ta sosai, don ba a yi wa mutum faɗa ana kallon ƙasa. "Miya kike damawa? Sa bayanki. Bar hannu, bayanki za ki sa. Wa ya koya miki, Thady? Ai na gani."

Ta sunkuyar da kai kada ya ga daɗin da take ji. Rabonta da jin kalmomi masu yawa haka daga bakinsa tun kafin Kirsimeti. Suna fitowa a karkace, wasu na tuntuɓe, amma suna fitowa.

Ya kai su bayan tsibiri ta hanyar da ake bi, ya sa ta juya jirgin ya ba iska gefe, ta ɗaga filafili suka bar ruwa na tafiya da su. Ta soka masa ƙwaro biyu a ƙugiya. Ya cusa gindin sandar ƙarƙashin cinyarsa, ya riƙe da dama, ya ɗaga. Iska ta kumbura zaren, ƙwaron ya sauka yana taɓa ruwa yana tashi. Suka zauna. Yayyafi ya zo ya jiƙa su ya wuce, duwatsun gabas suka fito kore shar. Sabina na ta kalle-kalle. Tsibiran da ta haddace sunayensu tun tana yarinya, ga su yau da itatuwansu da tumakinsu, kuma duk sun fi yadda ta zata ƙanƙanta, sun kuma fi kyau.

Rana ta yi nisa ba abin da ya taɓa. Ta fara jin nauyin gashinta a kanta.

Sai ruwa ya buɗe a hankali, wani faffaɗan baya ya juya, ƙwaron ya ɓace. Sabina ta miƙe rabi. "Ja, mana."

"Zauna," in ji Festy. A irin wannan fatsa ba a ja nan take, sai an bar kifi ya juya ƙasa da abin a bakinsa, kuma nan ne baƙi ke asara kullum. Festy ya jira har Sabina ta ɗauka ya manta, sannan ya ɗaga sandar. Ta lanƙwashe kamar baka, zare ya fara kuka.

Hannu ɗaya na iya kama kifi, amma ba ya iya jawo shi. "Zo nan. Naɗe zaren. A hankali. Saki, saki, bar shi ya gudu. To naɗe." Ta durƙusa a gabansa, shi da sanda, ita da mariƙin naɗi, kanta a ƙarƙashin haɓarsa, suna numfashi tare. Kifin ya nutsa, ya taso, ya yi tsalle ya nuna musu gefensa mai ruwan zinariya da ɗigo-ɗigon ja. Ya kai tsawon hannun babban mutum. Da ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, Festy ya ce, "Ɗauko koma." Ta sunkuci 'yar komar kama kifi mai mariƙi, ta kai masa sara daga sama kamar mai kashe kunama. Bakin komar ya bugi zaren. Kifin ya girgiza kai sau ɗaya, ya nutse, zare ya dawo yana lilo a iska ba komai.

Sabina na durƙushe da koma a hannu. Ta fito da shi ta ba shi ɗanɗanon abin, ta kuma ƙwace da hannunta. Ta tabbatar wa ƙauye duk abin da yake faɗa a kanta tun ranar haihuwa. Yanzu zai ce a koma gida, ya zauna gaban murhu, kuma babu ƙaryar da za ta sake tashinsa.

"Faɗi," in ji ta. "Kaina ne."

Festy ya ja numfashi. Abin da ya biyo baya, Jamusawan Thady sun ji shi daga ɗaya gefen tsibiri, har suka tambaya ko wani ne ya faɗa ruwa. Ya ambaci komar, ya ambaci Thady da wanda ya haifi Thady, ya ambaci duk baƙon da ya taɓa ɓata masa kifi tun daga wani likitan haƙori na Dublin, ya ce dukansu gwanaye ne a kanta. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya gama fuskarsa ta yi ja, yana haki, idonsa na ƙyalli.

"Kanki," ya ce. "Kanki ne ya sari zare? Kifi ya zo har gefen jirgi yana kallon kan naki, bai ce komai ba. Hannunki ne, Sabina. Kuma hannu ana koya masa." Ya miƙa mata sandar ta naɗe. "Gobe komar za ki fara sawa a ruwa, ki tsaya cik, ni in jawo shi kanta. Ki kuma fi haka sammako, ƙwaron da kika kamo rabi duk sun tsufa."

Ta koma mazauninta ta kama filafili. Gobe, ya ce, kuma har da ƙorafi a kai. Mai tuƙi ba shi da inda zai kai fuskarsa, don haka ta bar hawayen suka zubo yana kallo, ta sa bayanta ta ja.

Festy ya daɗe yana dubanta bai kau da kai ba. Sannan ya gyara zama, ya leƙa bayanta ya auna gaɓa.

"Hagu, Sabina," in ji shi a hankali. "Ƙara hagu kaɗan."